Fure, yankan takarda ko ƙoƙon kan sukari: wane aikin hannu ya dace da yara a bikin mamata na Meksiko?

A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba na kowace shekara mutanen Meksiko kan yi bikin da suke kira Día de Muertos, wato ranar mamata. Ranar farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu kuwa ta manya. A gida akan shirya tebur mai hawa-hawa da ake ce wa ofrenda, a jera hotunan mamatan, da kyandir, da kofin ruwa, da gishiri, da wani burodi na musamman, da turaren ƙaro mai suna copal, sannan a ajiye abincin da mamacin yake so lokacin yana raye. A wurare irin su tsibirin Janitzio da ke tafkin Pátzcuaro da garin Mixquic, iyalai a maƙabarta suke kwana. Bikin gamin gambiza ne na al'adun 'yan asalin ƙasar da kalandar Katolika da Sifaniyawa suka zo da ita, kuma a 2008 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Kusan duk kayan da ake ƙawata teburin da su aikin hannu ne, shi ya sa makarantu a ciki da wajen Meksiko suke ba yara su gwada. Malamin da aka ce ya shirya darasin, ko uwar da ɗanta ya dawo daga makaranta da wannan aiki, yawanci abin da ke fara zuwa musu shi ne ƙoƙon kan sukari, don shi ya fi fitowa a hoto. Amma shi ya fi tsada, shi ya fi saurin lalacewa, kuma rabon yaro a cikin aikinsa ɗan kaɗan ne. Kafin a sayi komai, abu uku ya kamata a fara dubawa: ƙarfin hannun yaron, yawan kwanakin da ake da su don abin ya bushe, da kuma iyakar abin da iyayensa suka yarda ya yi.

Na ukun nan ba ƙaramin abu ba ne. Ofrenda wajen masu ita ibada ce, sun yi imani rayukan mamata kan dawo ziyara a waɗannan darare. Iyaye Musulmi da yawa, da wasu Kiristoci, ba za su so ɗansu ya gina ta ba, ko ya ƙera siffar kan mutum. Ayyukan da ke ƙasa ba ɗaya suke ba ta wannan fuska: yankan takarda da fure ado ne zalla, ana iya yin su ba tare da siffar wani mai rai ba, ƙoƙon kai na tsakiya, akwatin tunawa kuma shi ya fi kusa da ainihin ibadar. Gara a aika wa iyaye sanarwa mako guda kafin ranar da a yi ta ba da haƙuri bayan an gama.

Yankan takarda

Papel picado su ne tutocin nan masu huje-huje da ake ratayawa jere a igiya a saman tebur ko ƙetaren titi. Kaɗawarsu ake ɗauka alamar iska. Cibiyar sana'ar ita ce garin San Salvador Huixcolotla a jihar Puebla, inda masu aikin ba almakashi suke sa wa ba: sukan tara takarda kamar falle 50, su ɗora zane a sama, su aza a kan faifan dalma, su riƙa bugawa da guduma da ƙananan ƙarafa masu kaifi iri-iri, kusan yadda dukawa ke huda fata. Yaro ba zai taɓa wannan ba. Nasa ninki ne da almakashi.

Takardar da ake buƙata ita ce shara-sharar nan mai launi da ake naɗe kyauta da ita, wadda a Meksiko ake kira papel de china. Tishun goge hannu ba ya yi, laushinsa ya yi yawa, almakashi taunarsa kawai yake yi. Babban falle yakan zo santimita 50 da 70. A raba shi huɗu, kowane yanki ya zama 25 da 35. A gefen da ya fi tsawo a lanƙwasa baki na santimita 3, nan igiya za ta shiga, kuma a ja wa yaro kunne cewa almakashinsa kada ya kai wurin. Sai a ninka takardar biyu, a sake ninkawa, a ƙara sau ɗaya, ta zama ninki takwas. A nan ake tsayawa. Idan aka kai ninki goma sha shida, almakashin yara ba ya iya cinye kaurin, takardun ciki sai su zame, zanen ya fito a karkace. Yaro ya ciri 'yan kusurwoyi, rabin da'ira, da siffar ganye daga gefunan ninkin, ya yi wa ƙasan baki irin na haƙoran zarto, sannan a buɗe a hankali a kan tebur.

Kuskure biyu ne ke maimaita kansu a kowane aji. Na farko, yaro ya yi ta cira har ramuka su haɗe, ko ya yanke gefen ninkin gaba ɗaya, da an buɗe sai tuta ta rabu gida huɗu. Maganinsa ƙa'ida ɗaya ce da ko ɗan shekara biyar zai riƙe: tsakanin rami da rami a bar faɗin yatsa. Na biyu gam ne. Gam na ruwa yana jiƙa takardar, launinta ya zuba a hannu da riga, ita kuma ta yage daidai inda aka shafa. Busasshen gam mai kama da jan-baki ake so, ko a danne bakin da abin maƙala takardu na ofis. Idan layin ninki ya ƙi kwanciya, babba ya ɗora farar takarda a sama ya bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi.

Yaran da suka kai shekara tara suna iya wuce wannan. A ninka takardar sau ɗaya tak, a cusa ta cikin farar takardar rubutu da aka ninka, a zana rabin fure ko rabin tsuntsu a jikin farar, a matse gefuna da ƙarfen riƙe takardu, a yanka duka tare. Farar takardar ita ke hana shara-sharar zamewa. Tuta goma da tazarar santimita 5 a tsakaninsu suna cin igiya mita 4, a ƙara rabin mita kowane gefe don ɗauri. Falle bakwai sun ishi yara 25, har da rarar uku na waɗanda za su yaga ta farko, kuma lallai za a samu masu yagawa. Launukan da aka saba gani su ne ruwan lemo, shunayya wadda ke nuna makoki a wajen Katolika, ruwan hoda, rawaya da fari. Duk aikin minti 30 zuwa 40 ne, babu jiran bushewa, babu abin da ake wankewa in ban da shara. Rauninsa ɗaya: ruwa ko raɓa. A waje ba ya kwana biyu.

Furen takarda

Furen bikin shi ne cempasúchil, mai launin ruwan lemo ko rawaya da ƙamshi mai ƙarfi. Sunan daga harshen Nahuwatil na Aztek ya fito, ma'anarsa fure ashirin. Asalinsa Meksiko ne, ko da yake a kasuwannin furanni na Turai sunan Afirka aka laƙaba masa. Ana ɓarje shi a shimfiɗa hanya daga ƙofa zuwa tebur, a imaninsu launi da ƙamshin ne ke nuna wa rai hanyar gida.

Lissafinsa mai sauƙi ne, falle ɗaya fure ɗaya. A ninka babban fallen sau uku a yanke gefuna, za a sami yanki takwas masu 25 da 17.5. A jera su a kan juna, a fara ninkawa daga gajeren gefe, gaba da baya, gaba da baya, kamar ana haɗa mafici, kowane ninki faɗin santimita 2, wajen ninki goma sha biyu ke nan. A ɗaure tsakiya da siririyar waya mai laushi ko zare mai ƙarfi. A datse bakin kowane gefe ya yi zagaye, ko a yi masa 'yan tsage-tsage uku na santimita 1, wanda shi ke sa furen ya yi cunkus irin na ainihi. Sai a baza maficin, a riƙa ɗago falle ɗaya-ɗaya zuwa tsakiya.

A wurin ɗagowar nan ake samun kuka. Yaro yakan kama bakin takarda ya fizga, sai ta yage. A nuna masa ya sa babban yatsa can ƙasa kusa da ɗaurin, ya tura daga can. Idan kuma ɗaurin bai tsaya a tsakiya ba, fure zai fito gefe ɗaya babba, gefe ɗaya ƙarami, don haka a ninka maficin biyu a ga tsakiyar kafin a ɗaure. In an matse waya fiye da kima takardar kan tattare ta ƙi buɗewa, in an sassauta fallen ya zare. 'Yar dabara: a yi wa tsakiyar ƙaramar cira a gefe biyu, wayar ta zauna a ciki. Mai son fure ƙarami, kusa da girman na gaske, sai ya ninka fallen sau huɗu, ya sami yanki goma sha shida, fure biyu ke nan.

Idan aka gwada shi da tuta, fure ya fi jure kuskure. Falle ɗaya ya yage, sauran bakwai sun rufa masa asiri. Ita tuta kuskurenta a fili yake. Sai dai fure na cin takarda ninki huɗu na tuta, kuma duk furannin aji kusan kama ɗaya suke fitowa, yaro ba ya samun wurin nuna nasa tunanin. 'Yan shekara shida zuwa sama za su yi shi su kaɗai, na ƙasa da haka a yi musu ninki da ɗauri, a bar musu buɗewa.

Ƙoƙon kan sukari

Calavera de azúcar, wato ƙoƙon kan sukari, ita ce tauraruwar bikin, kuma birnin Toluca na yin babbar kasuwar alewar bikin kowace shekara daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ana kiran ta Feria del Alfeñique. Kalmar alfeñique daga Larabci ta shiga Sifaniyanci, kamar yadda tamu alewa ta fito daga can. Masu sana'ar dafa sukari suke yi ya zama ruwa mai tsananin zafi, su zuba a mazubin yumɓu, su juye abin da bai daskare ba, ya bar ƙoƙo mai rami. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma manne wa fata yake yi. Ko kusa da tukunyar bai kamata yaro ya zo ba.

Hanyar da ake bi da yara ita ce ta danshi, ba wuta. Kofi uku na sukarin shayi, wajen giram 600, a fasa farin ƙwai ɗaya a kai, ban da ƙwanduwa, a murza da hannu har ko'ina ya yi kamar yashi mai laima. Inda ake samun garin farin ƙwai na masu kek, ƙaramin cokali ɗaya na garin da ƙaramin cokali ɗaya na ruwa ga kowane kofi. Gwajin shi ne a dunƙula a tafin hannu: in ya tsaya da shatin yatsu a jikinsa, ya yi. In ya wargaje, a ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. In ya manne a hannu, a ƙara sukari. Sai a cusa a mazubin roba a danna da ƙarfi, musamman ramin ido da haƙora, a share bayan da bayan wuƙa ya yi sumul, a ɗora guntun kwali, a kife, a ɗaga mazubin nan take kamar mai buga bulo. Idan ya ƙi fitowa, ruwa ya yi yawa: a mayar cikin kwano, a ƙara sukari, a wanke mazubin a goge shi ƙarau. Ko ba matsala, bayan bugu huɗu ko biyar mazubi kan yi danƙo, sai an wanke.

Bushewa awa 8 zuwa 12 ce a wuri mai iska. Manyan ƙoƙunan da ke da gaba da baya, bayan awa 5 ko 6 akan kwashe cikinsu da cokali a bar bango mai kaurin santimita ɗaya da rabi, don in an bar su cike tsakiyar ba ta bushewa, in kuma an makara sun yi tauri cokali ba ya shiga. Sukari na jan laimar iska, saboda haka ranar da ake ruwa ko gari ya yi gumi, ƙoƙon zai kwana biyu yana nan luguf, daga baya ya zube. Wanda ke wurin da iskar hunturu ta fara busawa a ƙarshen Oktoba ya yi sa'a. Wanda ke bakin teku ya nemi ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko ya haƙura. Kada a rufe shi a leda ko a sa a firiji, zufa zai yi. Kiyashi kuwa ba ya buƙatar gayyata: a ɗora tiren a kan gwangwani da ke tsaye cikin faranti mai ruwa.

Adon shi ne rabon yaro. Farin ƙwai ɗaya, niƙaƙƙen sukari mai laushin hoda giram 250, da 'yan ɗigon lemun tsami, a buga har in an ɗaga cokali ya tsaya da tsini. A raba, a sa kalar abinci, mai kauri ta fi ta ruwa don ta ruwa na tsinka haɗin. A zuba a ƙananan ledoji a ɗaure, a huda kusurwa ƙaramin huji, daidai yadda masu zanen lalle ke yi. Huji in ya yi faɗi, layi ya zama kwaɓaɓɓe. Haɗin na bushewa da wuri, don haka kwanon da ba a zuba ba a rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. A Meksiko akan liƙa takarda mai ƙyalli a goshi a rubuta suna, na mamaci, ko na aboki mai rai don tsokana. Wannan wasa a can abin dariya ne, a wasu gidajen kuwa sai a ɗauke shi mugun fata, saboda haka a bar goshin da fure.

Yanzu lissafi. In mazubi na cin kofi ɗaya, yara 25 kilo 5 ne na sukari, a ƙara kilo ɗaya don waɗanda za su fashe, farin ƙwai goma, ban da na ado. Mazubin kansa ba a ko'ina ake samu ba. Babba ne zai yi bugu da busarwa kwana ɗaya ko biyu kafin darasi, yaro kuma ya yi minti 20 yana matsa leda. Sannan dole a riƙa faɗa ana maimaitawa cewa ba na ci ba ne: ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cuta, hannaye da yawa sun taɓa shi, taurinsa kuma na iya ɓalle haƙori. Gaya wa ɗan shekara huɗu kada ya lashi sukarin da ke hannunsa ɓata baki ne. A gida da yara biyu ko uku da suka haura shekara takwas, aikin na da daɗi, kwalliya na biyan kuɗin sabulu. A aji mai yawa bai cancanci wahalar ba. Masu son na ci a Meksiko ma yawanci na cakulan suke saye, ko wanda ake yi da gasasshen irin amaranto da zuma, tsiron da ɗan'uwan alayyafo ne.

Ga wanda siffar yake so ba sukarin ba, kwaɓin gishiri ya fi rahusa: fulawa kofi biyu, gishiri mai laushi kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya saura kaɗan. A murza, a fyaɗa kauri bai kai santimita 1 ba, a huda da tsinken shan lemo in za a rataya, a gasa a wuta ƙasa-ƙasa, digiri 100, awa biyu zuwa uku. Wuta in ta yi yawa sai ya kumbura ya tsage, haka in fulawar mai haɗe da sinadarin tashi ce. Ba ya buƙatar mazubi, yaro da hannunsa zai siffanta. A nisanta shi da masu rarrafe da karnuka, gishirinsa na da haɗari in an haɗiya.

Takarda da talge

Cartonería sana'a ce babba a birnin Meksiko, inda ake gina ƙwarangwal masu tsayin mutum da gwangwala, waya da takarda. Ƙwarangwal ɗin macen nan mai ƙatuwar hula da ake kira Catrina daga zanen José Guadalupe Posada ta samo asali, mai zane ɗan garin Aguascalientes da ya rasu a 1913, ya yi ta ne don yi wa masu kwaikwayon Turawa shaguɓe, sannan Diego Rivera ya zana ta da cikakkiyar shiga a wani zanen bango a 1947. Dabbobin nan masu launi barkatai, alebrijes, Pedro Linares ne ya ƙirƙiro su a shekarun 1930, kuma asali ba kayan bikin mamata ba ne, daga baya aka riƙa haɗa su. Yana da kyau yaro ya san wannan, ya kuma san ƙoƙon kan Meksiko murmushi yake yi. Jini da ban tsoro na wani bikin ne daban.

Gam ɗin shi ne engrudo, talgen fulawa ne kawai. A dama fulawa kofi ɗaya a ruwan sanyi kofi ɗaya har gudaji su mutu, a zuba cikin tafasasshen ruwa kofi huɗu ana juyawa minti uku zuwa biyar, a sa gishiri babban cokali ɗaya don rage fumfuna, a bari ya huce. Sitacin wanki ma na yi. Kwana biyu ko uku yake yi a firiji, da ya fara tsami a zubar. A hura balan-balan daidai girman fuskar yaro, a zaunar da shi a kan kwano. Jarida a yaga ta da hannu, faɗin yatsu biyu, don bakin yagaggiya ya fi kwanciya da na almakashi. A kuma duba kada a haɗa da shafin da ke da ayoyi ko sunan Allah. A tsoma, a zare tsakanin yatsu biyu har talgen ya rage ɗan siriri, a shimfiɗa a rabin balan-balan in abin rufe fuska ake so. Shimfiɗa huɗu ake yi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ta ƙarshe da farar takarda don rubutun jarida kada ya leƙo ta cikin fenti.

Gaggawa ce ke kashe wannan aiki. Wanda ya jibga shimfiɗa huɗu a zama ɗaya, waje zai bushe ciki na jiƙe, bayan kwana uku wari da baƙin ɗigo su bayyana. Biyu yau, biyu gobe, kowane zama a bar shi yini da kwana. Wanda ya kai shi rana don ya yi sauri, iskar cikin balan-balan za ta kumbura ta tsaga takardar, da dare kuma ta motse ta bar shi a yamutse. Inuwa mai iska ake so. In aka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ƙwarya, kuma ba ya sanyi a tafin hannu, ya bushe. Babba ya fasa balan-balan ya tattara guntayen nan take, don suna shaƙe ƙananan yara, shi kuma zai yanke ramin ido da reza. Fenti mai kauri a shafa siriri sau biyu, mai ruwa-ruwa laushi yake mayar da takardar.

Zama huɗu ne aƙalla, kusan mako guda, ga ɓata tebur da tufafi. Amma a duk jerin nan babu inda yaro ke koyon sana'a ta gaske kamar nan, kayan kusan kyauta ne, kuma abin na shekara in an tsare shi daga kyankyaso da gara, waɗanda fulawar ke ja. Ga 'yan shekara tara zuwa sha uku masu malamin da ke da mako guda, wannan ya fi sukari nesa ba kusa ba.

Akwatin tunawa da 'yan ƙanana

Nicho ƙaramin akwati ne mai buɗaɗɗiyar fuska, a Meksiko yawanci na gwangwani ko katako, yara kuma kwalin takalmi suke amfani da shi. A shafe ciki da fenti, a rataya 'yan ƙananan tutoci a sama, a sa fure biyu a gefe, a ajiye hoto da zanen abin da mamacin ke so. Kwafin hoto za a kawo, na asali ya zauna a gida, don gam da fenti ba su san darajarsa ba. Kyandir na wuta kada a kai shi kusa da kwali da shara-sharar takarda. Ko na batir a duba murfinsa na da sukurori, saboda ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.

Wahalar akwatin ba a hannu take ba. Cikin yara 25 da wuya a rasa wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, kuma ba kowane gida ne ke so a baje hoton mamacinsa a aji ba. Inda iyaye suka amince, ana iya ba yaro zaɓi ya yi na wani sanannen mutum a tarihi. Inda ba su amince ba, a tsallake shi, a nuna hoton ofrenda ta gaske a yi bayanin kowane abu da ke kanta.

'Yan shekara uku da huɗu kuwa duk abin da ke sama ya fi ƙarfinsu. Nasu malam-buɗe-littafi ne. Wani irinsa mai fiffike ruwan lemo da baƙi yakan taso daga Kanada da Amurka, ya yi tafiyar dubban kilomita, ya sauka a dazukan tsaunukan jihar Michoacán ta Meksiko daidai farkon Nuwamba, shi ya sa mutanen yankin ke danganta zuwansa da dawowar rayuka. Babba ya ninka takarda mai kauri biyu ya yanke siffar fiffike, yaro ya ɗiga fenti ruwan lemo da baƙi a gefe ɗaya kawai, a rufe, ya danna da tafin hannu, a buɗe. Ɗigo biyar ko shida masu girman ƙwayar wake sun isa, in ya fi haka fentin zai fito ta gefe, launukan su haɗe su koma ruwan ƙasa. Minti goma an gama, awa ɗaya ya bushe.

In ajin gauraye ne, manya da ƙanana, kuma awa ɗaya kawai aka bayar, a raba tebur uku: ƙanana a kan malam-buɗe-littafi, na tsakiya a kan fure, manya a kan tuta. Don yara 25 a tanadi shara-sharar takarda falle 20, rabinsu ruwan lemo, almakashi goma masu dakusasshen baki, busasshen gam biyar, igiya mita 10, da waya mai laushi da aka riga aka yanka tsawon santimita 20 aka lanƙwashe bakinta don kada ta soki yatsa. Teburin fenti a kai shi can ƙarshen ɗaki, nesa da na takarda, kuma duk wanda ya wanke hannu ya goge shi sarai kafin ya taɓa tutar wani.